Daga Ƙanƙara zuwa bakin teku: yadda na yi adashi na je koyon hawan igiyar ruwa

Na san da kin ga kan wannan rubutu kin ɗan taɓe baki, kin ce mace mai 'ya'ya uku, haifaffiyar Faskari, mai aikin jinya a Ƙanƙara, me ya haɗa ta da teku? Ba ki yi laifi ba. Surukata ma abin da ta faɗa ke nan, har ta ƙara da tambayar ko ruwan Mairuwa ne ya ƙafe da sai na je Ikko. To gyara zama 'yar uwa, in yara sun yi barci ki rage hasken wayar, in ɗauko miki zancen daga tushe.

Damina biyu da suka wuce, wata rana bayan la'asar ina cikin wanki, sai na ji ihu daga bayan unguwa. Kin san ramukan nan da ake haƙar ƙasar gini a tafi a bar su, ruwan sama ya cika su su zama kududdufi. Babban ɗana, lokacin yana da shekara 8, ya bi abokansa kamun kwaɗi, ƙafarsa ta zame. Kafin in isa, wani almajiri da bai wuce shekara 14 ba ya miƙa masa gora ya jawo shi. Na tarar an shimfiɗe shi a ƙasa, wani dattijo yana danna masa ciki wai ruwan ya fito. Na janye hannun dattijon, Allah ya yafe mini ko sannu ban ce masa ba, na duba numfashi, na juya yaron ta gefe. Ya yi tari, ya yi amai, ya fashe da kuka. Muka kwana a asibiti. Da muka dawo gida washegari na zane shi.

Daren nan ban runtsa ba. Duk abin da na iya, ashe na iya shi ne bayan an fito da yaro daga ruwa. Da ni na riga almajirin nan isa bakin ramin, da sai dai in tsaya ina kururuwa, ko in faɗa mu tafi mu biyu. Shekara 11 ina aikin jinya, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Abin da na gada daga mahaifiyata game da ruwa kalma uku ne: kada ka je. Su na ba ɗana, har da bulala, ya kuma je.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a ƙarshen 2024, ta ce mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Mu nan Arewa ba sai an karanto mana rahoto ba. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya a ciki.

Me ya sa sai teku?

Wata rana ina aikin dare, ɗaki ya yi tsit, ina latsa waya don kada barci ya sace ni, sai na ci karo da bidiyon wata baƙar mace tsaye a kan allo, igiyar ruwa tana gudu da ita. Sunanta Khadjou Sambe, 'yar Ngor ce a birnin Dakar, ita ce mace ta farko a Senegal da ta maida wannan wasa sana'a, kuma iyayenta sun daɗe suna hana ta kafin su haƙura. Daga nan waya ta yi ta kawo mini irinsu, kin dai san halin waya. Na ga 'yan matan Zanzibar, Musulmi kamar mu, wani shiri mai suna Panje Project yana koya musu iyo cikin sutura tun daga kai har idon sawu, kowace ta rungume jarkar da babu komai a ciki. Jarka fa, irin tamu ta ɗebo ruwa. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Da na ci gaba da bincike sai na ga ba sai na nemi fasfo ba. A Legas akwai wani wuri da ake kira Tarkwa Bay, a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, ba a zuwa sai ta jirgi, kuma matasan wurin suna koyar da hawan igiyar ruwa.

Za ki ce ai akwai wuraren wanka a manyan otal na Katsina da Zariya, me ya hana in je can? Gaskiya ce, kuma can ɗin ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma a Katsina ba zan yi taku goma ba sai na haɗu da wadda na taɓa karɓar haihuwarta ko ƙanin mijin ƙawata. A inda ba wanda ya san ni, zan faɗi sau ɗari labari bai kai gidan suna ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Na gaji. Duk wadda ke zaune a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ta san irin gajiyar da nake nufi. Tun daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashi ɗaliban makarantar kimiyya ta garin nan, ko bayan da Allah ya dawo da su, rabona da barci mai nauyi. Na yi aiki a Sabuwa a 2021 lokacin da aka rufe layukan waya, sai ka yi tafiya kafin ka ji muryar naka. Kunnuwanmu sun koyi ƙirga ƙarar babura da dare. Ina son in ga wani abu mai girma wanda ba daji ba.

Izini da kuɗi

Maigida bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba, har tsawon wata biyu. Ban matsa masa ba. Ranar da ya buɗe baki cewa ya yi, "Malama nas, in kin dawo ke za ki koya mini, don ni ma dutse ne a ruwa." Sharuɗɗansa uku ne: babu tafiyar dare, babu kwana sai gidan wanda muka sani, kuma waya safe da rana da dare. Batun tafiyar mace ba muharrami kuwa, na san shi ne zai fi cika wurin sharhi a ƙasan rubutun nan. Malamai suna da bayani a kai, ni ba malama ba ce. Mun zauna da malaminmu ni da maigida kafin in sayi tikiti, ke ma in abin ya taso miki ki fara da naku.

Kuɗin kuwa adashi ne. Mu goma ne a wurin aiki, na roƙa a bar mini kwasar ƙarshe don kada hannuna ya kai gare su. Na haɗa da tunkiya ɗaya da na sayar. Kuɗin makarantar yara ban taɓa ba, bashi ban ci ba, kuma ina ganin duk tafiyar shaƙatawar da sai an ci mata bashi gara a bar ta. Ba zan jera miki farashi ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar wannan wata ba shi ne na wata mai zuwa ba. Abin da zai amfane ki shi ne yadda kuɗin suka kasu. Fiye da rabi hanya ta cinye, zuwa da dawowa. Abin da ya rage na kasa uku: jirgin tsallakawa da kuɗin koyo, abinci, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin motar dawowa kuwa daban na ajiye su a wani asusun banki, katinsa na ɗinke a cikin lalita, na ɗauka kamar babu su.

Masauki bai ci mini ko kwabo ba, kuma nan ne mu Hausawa muka fi matafiyan Turai sa'a. Su sai sun nemi ɗakin haya mai gado shida. Mu kuwa wace ce ba ta da goggo ko 'yar ƙawar inna a Agege, Idi-Araba ko Mile 12? Sai dai ki je da tsaraba mai kyau, kada ki zama kaya. Na tafi da daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da man shanu, Goggo ta yi murna kamar na kai mata zinariya.

Na bar Ƙanƙara da hantsi, lokacin da hanya ta cika da motoci. Marabar Ƙanƙara, Funtuwa, Zariya, Kaduna. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Kubwa na kwana gidan ƙanwar maigida, da asuba na shiga babbar mota mai zuwa Legas ta Lakwaja. Duka tafiyar ta haura kilomita 1,000. Ki nemi kujera kusa da mace tun wajen sayen tikiti, ki cika batirin waya da na ajiya, ki rage shan ruwa amma kada ki daina, kuma duk inda aka tsaya ki miƙe ki taka ƙafa saboda jini ya zaga. A gadar Kwara na leƙa ta taga na ga faɗin ruwan, gabana ya faɗi. Na ce a raina, wannan fa kogi ne kawai.

Kuskurena na farko Agege ne. Gidan Goggo akwai daɗi, ga Hausa ko'ina kamar kina Funtuwa, amma daga can zuwa bakin ruwa a CMS cunkoso ya cinye mini safiya guda. Kwana ɗaya na yi haka na koma Obalende, gidan wata ƙawata da muka yi makarantar jinya tare. Daga nan tafiyar ba ta da nisa. Goggo ta yi fushi na kwana biyu.

Tsibirin

Jirgin ƙarami ne mai inji, tafiyar kamar minti 20. Kada ki yarda ki shiga sai an ba ki rigar kariya, kuma ki ɗaure maɗaurinta, don na ga mata sun rataya ta a wuya kamar gyale. Ki zauna tsakiya. Za ku wuce kusa da manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa, kowane ya fi duk wani gini da na sani a Funtuwa tsayi, in sun wuce sai ruwa ya ɗaga ku ya sauke. Matar da ke gefena tana cin gyaɗa abinta, ni kuwa babu addu'ar da ban karanto ba.

Abin da ya sa Tarkwa Bay ya dace da mai koyo shi ne dogayen katangun duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka jera cikin teku a farkon ƙarni na 20 don kare mashigar jirage. Su ne suke rage wa ruwan ƙarfi kafin ya iso gaɓa. In kin zaga bayan katangar akwai wata gaɓar mai hasumiyar haska wa jirage hanya, can teku ne tsagwaronsa, ba wurin baƙo ba ne. Lokaci ma yana da muhimmanci. Da rani, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, igiyoyin sun fi laushi. Da damina suke girma, lokacin gwanaye ke nan. Ni da hunturu na je.

Ki je ranakun aiki. Asabar da Lahadi wurin na masu kiɗa da shaye-shaye ne, ba za ki sake ba, kuma komai yana ƙara kuɗi. Ranar Talata da safe kuwa daga ke sai masunta da yaran wurin. Akwai kuɗin shiga, akwai na rumfa da kujera, ki tambayi farashi kafin ki zauna. Ruwan sha da abinci ki taho da su daga cikin gari, don duk abin da ya hau jirgi ya tsallaka sai ya yi tsada. Dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da dabino su suka riƙe ni kwana biyar. Kuɗin koyo kuwa na yi ciniki na kwana biyar a dunƙule, kamar yadda za ki yi da mai ɗinki in kin kai kaya da yawa, aka yi mini ragi mai kyau. Ki kuma kama hanyar komawa tun rana ba ta faɗi ba, jiragen nan ba na dare ba ne.

Abin da na fara lura da shi bayan na sauka: babu mota. Sai ƙarar ruwa, ba ta tsayawa. Na yi sallar azahar a kan yashi, na jingina da jikin rumfa, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, da rana tsaka, a cikin baƙin mutane.

Batun sutura, don na san shi ne tambayarki. Dogon wando mai kama ƙafa, riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, ta yadi mara nauyi mai saurin bushewa, sai hular kai mai rufe wuya wadda ba ta da jela. Kada ki shiga teku da zane, kada ki shiga da babban hijabi. A matsayina na ma'aikaciyar jinya nake faɗa miki: yadi mai yawa in ya jiƙe nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, ya rufe fuska a daidai lokacin da kike neman iska. Hijabina yana cikin jaka, ina fitowa nake zura shi.

Kwana biyu ban taɓa allo ba

Malamin saurayi ne da bai kai ƙanena ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko na iya iyo. Da na ce a'a sai ya ajiye allon a gefe ya ce, "To Alhaja, yau babu hawa." A Legas duk macen Arewa Alhaja ce, ko ba ta taɓa ganin filin jirgi ba. Na ji haushi, na yi tunanin kuɗina. Yanzu kuwa ina gaya miki, duk malamin da bai yi miki wannan tambaya ba ki karɓi kuɗinki ki tafi.

Na roƙa a haɗa ni da mace, aka kira wata yarinya 'yar wurin, ba ta wuce shekara 17 ba. Ta kai ni inda ruwa ya kawo ƙugu, ta ce in kwanta rigingine. In kwanta a kan me? Ta sa tafin hannunta a bayana ta ce in bar kunnuwana su nutse, in kalli sama, in cika ƙirji da iska, in buɗe hannu da ƙafa. Na san ilimin abin sarai, na karanta a makaranta cewa huhu mai cike da iska yana ɗaga jiki. Amma jikina ya ƙi yarda da abin da kaina ya sani. Da ruwa ya taɓa kunnena sai in zabura in ɗaga kai, da na ɗaga kai sai ƙugu ya nutse, sai in sha gishiri. Haka muka wuni. Na koma Obalende idanu jawur, maƙogwaro kamar na haɗiye barkono, na ce wa ƙawata gobe zan koma gida.

Ban koma ba, saboda na riga na biya.

Rana ta biyu, can wajen azahar, gajiya ta sa na daina kokawa. Na kwanta, kunnuwa suka shiga ruwa, duniya ta yi shiru, ina jin numfashina kaɗai. Ina kallon wani tsuntsu yana shawagi. Sai na ji muryar yarinyar daga nesa tana dariya, na juya ido na gan ta ta ɗaga hannuwanta biyu sama. Ashe ta daɗe da cire hannunta. Teku ne yake riƙe da ni. 'Yar uwa, na yi kuka a wurin, kuma abin da ya zo mini a rai ramin bayan unguwarmu ne. Da ɗana ya san wannan kwanciya kaɗai, ko bai iya iyo ba, da ya sami mintunan da zai jira gora cikin natsuwa.

Da muka zauna cin dabino ta ba ni nata labarin. A watan Janairun 2020 hukumomi sun tashi mazauna tsibirin bisa zargin ana fasa bututun mai a yankin, dubban mutane suka rasa matsuguni a rana ɗaya. Tana ƙarama lokacin. Ta ce sun kwana a bakin ruwa da buhunan kayansu. Na tuna 'yan uwanmu na ƙauyuka da suka kwana a azuzuwan firamare a Faskari a wannan shekarar. Na gaya mata, ta yi shiru, ta ce ita ta ɗauka Arewa duk masu shanu da kuɗi ne.

Rana ta uku aka ba ni allo. Dogo ne, ya fi ni tsayi sosai, mai faɗi, an yi shi da abu mai laushi kamar soso mai tauri don kada ya ji wa mai koyo ciwo. Akwai igiya da ake ɗaurawa a idon sawu, don in kin faɗi kada allon ya tafi ya bar ki. Malamin ya zana hoton allo a kan yashi, muka yi ta gwaji a tudu: ki kwanta rub da ciki, tafin hannu a ƙarƙashin ƙirji, ki tura jiki sama, ki jawo ƙafafu ki tsaya a karkace, gwiwa a lanƙwashe. Yaran wurin suna kallo suna ƙunshe dariya. Wadda ta saba tashi daga tabarma da goyo a baya ba za ta sha wahalar wannan ba, cinyoyinmu sun riga sun horu.

Ya kuma bayyana mini yadda igiyar take. Iska ce take haifar ta can tsakiyar teku, ta yi kwanaki tana tafiya. In ta iso inda ƙasa ta matso kusa, gindinta ya rage gudu, kanta ya rinjaya ya kife, ya zama farin kumfa. Gwanaye suna hawa kafin ta kife. Mai koyo kumfar yake hawa, a inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Ban taɓa wuce ruwan ƙugu ba har na bar wurin, kuma wadda ba ta iya iyo ba kada ta wuce nan ko wa ya zuga ta.

Abu biyu ya yi ta nanatawa har na haddace. Kada ki sa allo tsakaninki da igiya, ki riƙe shi a gefe, in ba haka ba ruwa zai maka miki shi a fuska. In kin faɗi kuma ki rufe kai da hannu kafin ki ɗago. Sai na uku wanda ya fi su duka: ya nuna mini wani wuri da ruwan ya yi lumui, ya fi duhu, babu kumfa. Ni da na ga wurin cewa na yi nan ne ya fi aminci. Ashe nan ne hanyar da ruwan da ya hau gaɓa yake bi ya koma teku, yana jan duk abin da ya samu. In ya ja ki kada ki yi kokawar komowa kai tsaye, za ki gaji ne kawai. Ki kwanta rigingine, ki ɗaga hannu a gan ki, in kin iya iyo ki bi gefe har ki fita daga cikinsa.

Ranar nan a kwance na hau. Ya riƙe bayan allon, kumfa ta taho, ya tura. Ban san akwai gudu irin wannan babu inji ba. Na isa yashi ina ihu kamar yarinya, na ɗauki allo na koma. Rana ta huɗu na kai durƙuso, na faɗi ba adadi, gwiwata ta goge da yashi. Na wanke da ruwa mai tsafta na sa magani, don ruwan Legas ba ya rasa datti da robobi, ciwo ƙarami yana iya ruruwa. Fuskata kuma ta ƙone. Masu cewa rana ba ta ƙona baƙar fata ba su wuni a teku ba. Ki nemi man kariya daga rana, ki yawaita shan ruwa.

Rana ta biyar na tsaya. Sirrin ashe a ido yake: duk lokacin da na kalli ƙafata sai in faɗi, da na ɗaga kai na kalli wata bishiyar kwakwa a gaɓa sai jiki ya daidaita. Yarinyar ta ƙirga, ta ce daƙiƙa huɗu. Ni na ce bakwai. Ba mu daidaita ba har yau.

Kada ki ɗauka na zama gwana. Wasan nan mutane suna shekaru a kansa, har ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021. Amma kada wani ya ce miki na Turawa ne. Mutanen tsibiran Hawai sun shahara da shi tun kafin Bature ya je can, kuma wani masanin tarihi, Kevin Dawson, ya nuna cewa tun a shekarun 1640 wani Bajamushe ya rubuta labarin yara a kan alluna cikin ruwa a gaɓar ƙasar da yau ake kira Ghana.

Abin da na dawo da shi

Ba kowace ce za ta je Legas ba, ba kuma dole ba ne. Abin da ya fi amfani a tafiyar ana iya yin sa a tsakar gida. Yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu bokiti ya ishe shi, domin kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Nitsewa shiru ake yin ta. Na dawo na sa murfi a duro, na sa wa rijiya marfi da kwaɗo, ruwan wanki kuma ana gamawa ake zubarwa.

Na kuma ɗauki darasin 'yan matan Zanzibar. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, murfinta a ɗaure, tana iya riƙe babban mutum a kan ruwa. Na ɗaura wa ɗaya doguwar igiya, da izinin mai unguwa muka rataye ta a bishiyar da ke bakin ramin nan, muka tara yara muka nuna musu: ba a faɗawa ceto, miƙa gora ake yi ko a jefa jarka. An sace ta farko cikin mako guda. Ta biyu na shafa mata jan fenti na huda hannunta na sa waya, tana nan.

In an fito da yaro, a daina danna ciki, a daina ɗaga shi ƙafa sama. Ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a rufe shi. In ba ya numfashi a fara hura masa iska baki da baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, don huhu yana iya rikicewa bayan sa'o'i. Karantawa a waya ba ta isa ba, ki sami ma'aikaciyar jinya a garinku ta nuna miki da hannu.

Inda na tsaya cak shi ne wurin koya wa yaran iyo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a koya wa yara tun daga shekara 6. To a ina? Kududdufanmu da tafkunanmu suna da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, kuma na ga yara masu fitsarin jini da yawa a wurin aiki, ba zan tura nawa ciki ba. Abin da muka iya shi ne hutun makarantar da ya wuce maigida ya kai mazan biyu Katsina gidan yayansa, suka yi mako suna zuwa wurin wankan wani otal da safe kafin mutane su cika. Ni na zana musu kwanciyar a kan tabarma kafin su tafi. Babban yanzu yana iya kwanciya a kan ruwa har a ƙirga ɗari. Ubansu har yau dutse ne.

Surukata kuwa, wadda ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau ba kafin in tafi, ana gobe zan tashi ta aiko jikanta da robar lemo wankakkiya. Wai in ɗebo mata ruwan teku, ta ji yana maganin ciwon ƙafa. Na ɗebo. Da na kawo na durƙusa na ce, "Hajiya, ga shi, amma don Allah kada a sha, gishirinsa zai tayar miki da hawan jini." Ta ɗaga robar ta duba a haske, ta ga yashi ya kwanta a gindi, ta ce, "Yanzu ke 'yar nan cikin wannan kika kwanta?" Na ce e. Ta girgiza kai ta ajiye robar a saman kabad kusa da kwanukan tangaran. Ba ta shafa ba, ba ta zubar ba, duk baƙuwar da ta zo sai an sauko mata da ita.

Mun sake ɗaura adashi a wurin aiki. 'Yar autata mai shekara 5 ta ce wannan karon ƙafarta ƙafata, na ce ta bari ta cika shida. Biyu daga cikin abokan aikina sun riga sun tambaye ni inda na ɗinka rigar.